Rijiyar da Na Auna wa Baffa

Bazarar bana ta shigo mana Kpakungu da mugun nufi. Tun Maris bai raba ba rijiyar gidan hayarmu ta koma laka, ka zura guga ka ji ya bugi ƙasa, ka jawo shi da abin da bai isa alwala ba. Famfo kuwa mun daɗe da daina murɗa shi, sai yara in suna wasa. Masu kurar ruwa sun zama manyan mutane, sai ka bi su da gaisuwa kafin su waiwaye ka. Zafin Minna ba baƙonmu ba ne, amma na bana ko bango ka jingina sai ya gasa maka baya, ga ƙurajen zafi sun feso wa kowa a wuya.

Shekaranjiya na dawo daga makarantar da nake koyarwa, na tarar an shimfiɗa wayoyi a layinmu, ja da baƙa, daga ƙofar gida har bakin kwata. An kakkafa turakun ƙarfe huɗu a ƙasa, ga wani ɗan akwati a kan benci da batir a gefensa. Ashe Alhaji mai gidanmu ne ya gaji da ƙorafin 'yan haya, ya kira masu auna ƙasa domin a haƙa burtsatse. Mata sun fito suna kallo, ana ta murna. Ni kuwa na tsaya cak, na dafa bango. Na san akwatin nan. Na taɓa ɗauko irinsa a kaina, na kai shi har ƙofar mahaifina, yau shekara ashirin da 'yan kai.

Rugarmu tana bayan Maikunkele ne, inda in jirgi ya tashi shanu kan ɗaga kai su koma kiwo. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya daɗe da ajiye yawo. Ya samu wuri a gefen wani rafi ya zauna, ya yi 'yar gonar dawa, ya bar wa yayana Hamma Buba korar shanu. Inna kuma kullum ta ɗauki ƙwaryar nono ta shiga gari. Ni ce mace ta farko a rugar da ta wuce firamare, kuma da taurin kan Baffa aka yi. Ranar sunana ya ba ni maraƙa, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a wurinmu, 'ya'yanta da jikokinta su suka kai ni har jami'a. A lokacin da nake magana saura jikarta guda, wata jar saniya da muke kira Gajera.

Karatun likita na nema, aka ba ni jiyoloji. Ko sunan ban taɓa ji ba. Da na koma gida na ce ilimin duwatsu ne da abin da ke cikin ƙasa, matan ruga suka yi dariya har da riƙe ciki.

"Duwatsun nan da muke tuntuɓe da su kullum? Su ne sai an je jami'a?" in ji wata goggona. "Ki zauna gida, Fatu, ni ma zan koya miki."

Sai ga shi karatun ya shiga raina, fiye da yadda na zata. Da ma'adinai aka fara mana. A miƙo maka tsakuwa, ka karce ta da farce, ka karce ta da wuƙa, ka ɗiga mata asid ka ga ko za ta yi kumfa, wata ma sai ka lasa kafin ka faɗi sunanta. Daga nan muka shiga duwatsun kansu, wanda ya daskare daga narkakkiyar wutar cikin ƙasa, da wanda ruwa ya tara shi a hankali, da wanda zafi da nauyi suka sauya wa kama. Akan yanka dutse ya yi siriri har haske ya ratsa shi, a sa a ƙarƙashin madubi, ka ga launuka kamar sabuwar atamfa. Ranar da na fara gani sai da na manta da cin abinci. Mun hau duwatsun Minna da guduma da kamfas muna bin inda dutse ya lanƙwashe da inda ya tsage. Malamin da ke koya mana burbushin halittun da suka zama dutse ya ce kada mu wahalar da kanmu da nema a nan, dutsenmu ya girmi duk wani abu mai ƙashi, sai an gangara wajen Bida. Samarin ajinmu kuwa babu abin da suke mafarki sai aikin kamfanin mai.

Duk hutu nakan zauna in kwashe wa Baffa wannan labari, shi kuma yana tufkar igiya. Wata rana da na gama zuba sai ya ɗago kai.

"To, a cikin duk wannan, akwai na ruwa?"

"Akwai, Baffa. Baɗi za a koya mana."

"To shi nake jira."

Aka koya mana kuwa. Na gane babu wani kogi a ƙarƙashin Minna kamar yadda mutane ke zato. Dutse ne guda shimfiɗe, ruwa kuma yana ɓuya ne a tsagoginsa da inda samansa ya ruɓe. Aka nuna mana akwatin nan. Wutar batir yake turawa cikin ƙasa ta turaku, busasshen dutse ya tare wutar, jiƙaƙƙen wuri ya bar ta ta wuce. In lamba ta faɗo, to akwai laima a nan. Na haddace, na ci jarrabawa, kaina ya yi girma.

Shekarata ta ƙarshe damina ta ɗauke da wuri. Dawa ta yi kai amma ba ido. Rafinmu da yakan kai mu har Maris, tun Janairu ya tsaya, ya koma yashi. Da farko ba mu damu ba, mata suka riƙa tona yashin da ƙoƙo, a jira ruwa ya tsatso a kwasa. Ramin yana zurfi, ruwan yana raguwa, har ya zama in mace ta tafi bayan sallar asuba ba ta dawowa sai rana ta take, da rabin tulu, shi ma ja. Inna ta kafa doka. Ruwan da aka wanke ƙwarya da shi, shi za a ba maruƙa. Wanka sai Juma'a. Wanda ya zubar da ko moɗa guda, ranar zai ji bakinta.

Shanu kuma sai an kora su wani tafki mai tafiyar awa biyu, yau a je gobe a huta, kuma ba mu kaɗai ke shan sa ba. Ciyawa ta ƙare, karan dawa ya ƙare. Hamma da sauran maza suka koma hawan kawo da maɗaci suna sassaro ganye, shanu na tsaye a ƙasa sun ɗaga baki. Da safe in Inna ta tsuguna tatsa, saniyar da ke cika ƙwarya sai ta ba da abin da bai rufe gindinta ba. Ta daina shiga gari kullum, ta koma sau biyu a mako. Tuwo ya koma sau ɗaya, da la'asar, miyar kuka ba mai. Da rana iska ba ta motsi, sai kukan kurciya da warin busasshen kashin shanu. Mangwaro ne kawai ya yi mana rana a shekarar, shi muke tsotsa mu kashe yunwa da ƙishi tare.

A tsakiyar Maris Hamma ya zo ya durƙusa gaban Baffa. Ina nan, na zo hutun ƙarshen mako.

"Baffa, tafkin nan ba zai kai wata guda ba. A bar ni in gangara da su fadamun bakin kogin Kwara tun suna da ƙafa. Tafiyar mako biyu ce. In muka ƙara jinkiri ba za su iya ba."

Baffa ya dubi garke. Shekara goma sha takwas shanunsa ba su kwana a wani wuri ba, kuma ya san hanyar da ya sani a da duk ta zama gonaki. Ya juyo ya dube ni.

"Ke fa, mai karatun ruwa?"

Da ma abin da nake jira ke nan. Kowane ɗalibin shekarar ƙarshe sai ya zaɓi wuri ya auna ya rubuta littafi a kai, ni kuma na riga na zaɓi rugarmu. Na ce a ba ni kwana uku. Na koma makaranta na roƙi akwatin, muka zo da 'yan ajinmu biyu, mota ta sauke mu a bakin titi na ɗora shi a ka har gida. Muka ja wayoyi, muka kafa turaku, ƙasa ta yi tauri har sai da muka saci ruwan Inna muka jiƙa gindinsu. Wuri uku muka auna. A na ukun, dab da garke, lamba ta faɗo warwas a wajen mita goma. Na zana a takarda, layin ya gangaro ya yi kwari daidai da hoton da ke cikin littafinmu. Har tsalle na yi.

"Baffa, ga ruwa nan. Gaba shida, ba ƙari."

Baffa ya aika aka kira Baba Ayuba, wani dattijon Gbagyi da ya haƙa rabin rijiyoyin ƙauyukan wajen. Ya zo da diga da dagi a kafaɗa. Ya dubi turakun da na kafa, ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya tashi ya yi ta yawo cikin daji shi kaɗai. Da ya dawo ya nuna can gangare, inda wani ɓaure yake tsaye kore shar a gindin tsagaggen dutse, ga suri biyu a kusa.

"Mai shanu, ruwa yana can wurin baure. Nan wurin, ni ban gani ba."

Na yi murmushin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na buɗe masa takardata, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa, ina nuna masa kwarin layi da biro. Ya kalla, ya gyaɗa kai don ladabi.

"Yarinya ya yi karatu," ya ce wa Baffa. "Ni aiki ne nawa. Inda ka ce, nan zan haka."

Hamma ya ce a bi Baba Ayuba, ko kuma a bar shi ya tafi. Baffa ya tashi, ya karɓi digar da hannunsa, ya je inda turakuna suke ya kai sara na farko. Magana ta ƙare.

Ban taɓa ganin rugarmu ta haɗa kai irin na kwanakin nan ba. Ana idar da asuba maza su kewaye ramin. Baba Ayuba a ciki, ɗaya na taya shi, biyu na jan igiya, in hantsi ya yi zafi a fito, sai bayan la'asar a koma. Mata na kwashe ƙasa da tsofaffin kwanoni suna zubarwa nesa. Wanda ya fito daga rami, jikinsa jawur da gumi da ƙasa, moɗa guda ake ba shi, ya kurkure baki ya haɗiye. Na daina zuwa lakca. Ina tsaye a baki da ledoji, duk gaba guda in ɗebi ƙasa in rubuta mata lamba. Da farko jar ƙasa, sai marmara da ta ci mana kwana uku, sai burji, sai wata ƙasa mai ƙyalƙyali da ke marmashewa a hannu. Komai na zuwa bi da bi yadda littafi ya ce. Matan da suka yi mini dariya suka koma kirana Malama.

Ran kwana na tara, da hantsi, guga ya fito da nauyi. Abin da ke ciki fari-fari ne, da sanyi, da laima. Wata ta taɓa, ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Inna ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

Na ɗebi abin na murza a tafin hannu. Ya mulmulu, ya yi tsawo kamar taliya, bai karye ba. Yumɓu ne, irin na ginin tukunya. Nan take na ji muryar malaminmu a kunnena, wata magana da ya faɗa sau ɗaya a ƙarshen lakca muna ta haɗa littattafai za mu fita: ku yi hankali, yumɓu yana ruɗin akwatin nan, yana barin wuta ta wuce kamar ruwa, yana riƙe laima amma ba ya sakin ko ɗigo. Kwarin da na yi tsalle a kansa, yumɓu ne. Na sani a lokacin, sani na haƙiƙa, ba zato ba.

Baba Ayuba ya hauro ya zauna a bakin ramin. Ya dube ni kawai, ya mayar da kai ƙasa. Hamma ya ratso mata ya zo gabana.

"Fatu, dubi idona. Tafki ya kusa ƙarewa. In na tashi da shanu jibi, da yawansu za su kai. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, akwai ruwa ko babu?"

Ga mata suna guɗa. Ga goggona tana cewa ashe karatun dutse ba banza ba ne. Ga Baffa tsaye a bayan kowa, riƙe da sandarsa. Kalma uku ce kawai ta rage mini in faɗa, "na yi kuskure", kuma ban iya ba. Na laluba cikin kaina na samo wani shafi da ya ce wani lokaci akan sami ruwa a ƙarƙashin yumɓu. Na kama shi da hannu biyu.

"Yana ƙasa kaɗan, Hamma. A ci gaba."

Hamma ya dubi Baffa. Baffa ya ce, "Ka ji abin da ta ce."

Kwana goma sha biyu muka ƙara. Yumɓu ba ya haƙuwa da sauri, yana kama diga, yana kama ƙafa, ga ramin ya yi zurfin da iska ba ta isa, mutum ya yi rabin awa a ciki sai a jawo shi yana haki. Guɗa ta mutu. Mata na kwasa ba mai magana. Kullum da safe sai a leƙa a ga ko wani abu ya taru, a tarar da gindin na ƙyalli kawai, ba abin da guga zai ɗebo. Ni kuma kullum in ce gobe. Ina kallon shanu suna dawowa daga tafki ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, tozo ya kwanta, ido ya faɗa, ina cewa gobe. Ban taɓa ƙin kaina irin na kwanakin nan ba, kuma duk da haka ban buɗe baki ba.

Ran kwana na ashirin da ɗaya muka ji ƙarar daga sama, ƙarfe a kan dutse. Baba Ayuba ya sake sarawa, wuta ta yi tartsatsi. Ya ɗauro ɓalli guda a guga. Dutse ne toka-toka mai ɗigon baƙi da fari, lafiyayye, ba tsaga ba ruɓa. Na san sunansa, na san sunan kowane ƙwayar ma'adini da ke jikinsa, na san yadda zai yi kyau a ƙarƙashin madubi. Wani ya ce a hura wuta a kansa a kwara ruwa ya fashe, kamar yadda ake yi a da. Baba Ayuba ya yi 'yar dariya mara daɗi, ya ce ina ruwan da za a kwara. Ya ɗaure kayansa a kafaɗa. Baffa ya ce ko a gwada wurin ɓauren, ya girgiza kai, ya nuna maza da ke zube a inuwa, ya ce ba sauran mai ƙarfin wata rijiyar.

A makon nan tafki ya ƙafe. Hamma ya tashi da shanun da ke iya tsayuwa, bai yi mini sallama ba. Waɗanda suka rage sai an ɗaga su. Kowace safiya maza su zura itace a ƙarƙashin cikin saniya, biyu nan biyu can, ɗaya ya kama wutsiya, a ɗaga ta a tsayar. In ta tsaya, ta ga wata rana. In ta sake zubewa, a aika gari. Mahauta suka gane hanyar rugarmu, kullum ga akori-kura tana tafe, su sauko suna taɓa haƙarƙari suna taɓe baki. Baffa ba ya tsayawa, in ya ji motar sai ya ɗauki buta ya shiga daji. Daga hanyar Bida kuma labari ke zuwa, yau biyu sun faɗi, gobe uku.

Ruwan farko ya sauko a farkon Mayu, da azahar, da iska da tsawa. Ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da kowa ke so, ni kuwa ban so ko jin sa ba. Kafin la'asar rijiyata ta cika har wuya, yumɓu ya riƙe ruwan tsaf kamar randa. Yara suka yi ta jefa tsakuwa a ciki. Gajera ta kai har lokacin, na ɗauka ta tsira. Sabuwar ciyawa ta fito, ta ci da yunwar wata huɗu, zawo ya kama ta, kwana uku ta mutu a gindin mangwaro. Na zauna kusa da ita na yi kukan da ban yi wa kowa ba.

Hamma bai dawo ba. Abin da ya kai Kwara da shi bai isa a kira garke ba, ya karɓi kiwon wani mai kuɗi, daga can ya wuce kudu. Sau biyu na gan shi tun daga nan, duka a wurin jana'iza. Inna ta ci gaba da ɗaukar ƙwarya, amma madarar gari take saya a kasuwa ta dama ta kwana, ta kai wa mutanen birni a matsayin nono. Ni kuma na koma na rubuta littafina. Ledojin nan da na tara, gaba bayan gaba, babu ɗalibin da ya kawo irinsu. Na bayyana yadda yumɓu ya ruɗi akwati, da zane da komai. Malamai suka yaba, aka ba ni makin da ya fi na kowa a ajin.

Aikin mai bai zo ba, na ma'aikatar ruwa bai zo ba. Na yi yawo da takardu har suka yi laushi a jaka, na haƙura. Yau ina koya wa yara sunayen koguna da duwatsu a wata makarantar kuɗi a bayan kasuwa. 'Yan ajinmu wani yana sayar da waya, wani yana bin masu haƙar zinariya a daji yana duba musu dutse. A unguwar nan ba wanda ya san abin da na karanta, ban kuma taɓa faɗa ba.

Baffa bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi na fito da shi inuwar mangwaron nan ina ba shi kunu, na ga in ban faɗa yanzu ba shi ke nan.

"Baffa, ranar da aka fito da farar ƙasar nan, na san babu ruwa. Na sani, na yi shiru."

Ya dubi inda garke yake a da.

"Na sani. Na ga hannunki yana rawa."

"To me ya sa ba ka bar Hamma ya tafi ba?"

"Da na tsayar da aikin a gaban mutane, da wane ido za ki sake shiga rugar nan? Kuma wa zai ƙara kai 'yarsa makaranta?"

Ya miƙo baki na ba shi kunu. Ban gaya masa abin da shi ma ya sani ba, cewa bayana babu yarinyar da aka sake kaiwa. In wata ta ce tana son boko, rijiyar Fatu ake nuna mata. Yanzu ma babu rugar, an yanka wurin fuloti-fuloti. Wanda ya sayi gangaren ɓauren ya haƙa rijiya, na ji an ce ko bana ba ta ƙafe ba.

Wannan duk shi ya dawo mini shekaranjiya ina dafe da bango. Da na matsa kusa, sai na ga mai riƙe da takardar mace ce, 'yar budurwa da hijabi da hular kwano, fuskarta sai sheƙi take. Na leƙa ta kafaɗarta. Layin ya gangaro ya yi kwari mai zurfi, sumul, irin wanda na sani. Na kuma san ƙasar layinmu, na ga abin da aka fitar lokacin da maƙwabta suka haƙa masai. Na ja hannunta gefe, inda ba mai ji.

"'Yata, kin tabbata ba yumɓu ba ne? Ki ƙara auna wani wurin, don Allah. Ba abin kunya ba ne."

Ta dube ni, ta dubi takardar. Na ga lokacin da maganar ta shige ta, na ga takardar ta fara rawa a hannunta. Ashe haka Baffa ya gani.

"Mama, an riga an kira masu motar haƙa," ta ce a hankali. "Jibi za su zo."

Alhaji ya ƙwalo mata kira daga ƙofar gida, mata sun kewaye shi da jarkoki. "Injiniya, yaya dai? Akwai ko babu?"

Ta zare hannunta daga nawa, ta gyara hula.

"Akwai, Alhaji. Mita ashirin."

Mata suka ɗauki guɗa. Na shiga ɗaki na ɗauko jarkokina biyu, na fita neman mai kura.